Baba Nuhu da Ƙyallayen Kirsimeti

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo, mai goro a baki ya haɗiye. Ga shi nan tafe: Sarkin Alƙalamin Ƙofar Ƙwaya, Magajin Tawada, ɗan Didam na Zonkwa, mai rubutun da in ka gani sai ka ɓoye hannunka a aljihu don kunya, Baba Nuhu! In kuna jiran tambari da algaita ku daina jira, babu. Sarautar ma ni na naɗa shi, kuma har yau bai sani ba. Wani dattijo ne siriri, mai gilashin da aka ɗaure masa ƙafa da zare, yana zaune a gidan haya mai jan ƙyaure a lungunmu, shi da matarsa Mama Kande.

Ni sunana Sagir. Na yi sakandare har inda ta ishe ni, na taɓa gyaran waya, na taɓa tallan turare, yanzu ina acaɓa da babur ɗin yayana kafin in ga abin da zai biyo baya. A unguwa an san ni da baki. Amma labarin nan ba nawa ba ne, kuma in kun ji na sa wasa a ciki, to don ban san yadda zan faɗe shi babu wasan ba ne.

Baba Nuhu ya zo Katsina da ƙuruciyarsa, lokacin da aka ba mu jiha ana neman ma'aikata ta ko'ina. Aka ɗauke shi akawu a wata ma'aikata. Ba a jima ba aka gane hannunsa ba irin na kowa ba ne, sai aka ba shi tebur a lungu da kwalbar tawada, aikinsa rubuta sunayen mutane a kan takardun shaida. Wanda ya gama kwas, wanda aka ƙara wa girma, wanda ya yi ritaya, duk sai sunansa ya bi ta hannun Baba Nuhu. Yakan ja wa harafin farko wutsiya kamar ta zakara. Da kwamfuta ta shigo aka ce masa an gode, aka mayar da shi ɗakin fayil, a can ya zauna har ya ajiye aiki. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da kawai ya taɓa ce mini shi ne kwamfuta ba ta san wanda ya sha wuya kafin ya sami takarda ba, kowa iri ɗaya take rubuta shi.

Mama Kande kuwa tela ce. Daga gida ya auro ta, ta zo da kekenta na ɗinki da bakinta da ba ya ɓoye magana. Babu macen da ke lungunmu da ba ta taɓa sa ɗinkinta ba: kayan sallah, kayan biki, kayan fitar suna. Kuma ba ta zubar da ƙyalle, komai ƙanƙantarsa. Akwai wani buhu a bayan keken, duk abin da almakashi ya rage ciki yake faɗawa. Mu muna yara mun ɗauka rowa ce.

In Disamba ta kama, sai a ga amfanin buhun. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jiƙa ƙaro a tsohon gwangwanin madara ya zama gam, ta yanyanka bayan tsofaffin kalandu ta ninke su. Daga nan sai ta zazzage ƙyallayen. Kafin ka ƙifta ido ta fitar da tinkiya daga atamfa, raƙumi daga shadda, tauraro daga bakin leshi, giginya daga ragowar yadin makaranta. In ta manna ta hura, sai ta miƙa katin gefen damanta ba tare da ta waiwaya ba, don ta san wanda ke zaune a nan. Shi kuma ya karɓa, ya buɗe alƙalami, ya rubuta. Ita ba ta taɓa sa rubutu a kati ba. Shi bai taɓa riƙe almakashi ba. Katin 'yan cocinsu da ayar Littafi Mai Tsarki yake zuwa. Namu na maƙwabta kuwa gaisuwa ce da addu'ar Allah ya bar zumunci, a ɗora shi a kan murfin kwanon shinkafa ranar Kirsimeti a kai gida-gida.

Abin da ya sa mata ke rububin katin shi ne kowane gida da ƙyallensa ake yi masa. Innata, Saudatu, tana da wani raƙumi da aka yi da atamfar da ta ɗaura ranar sunana. Har yau yana soke a jikin madubinta. Ni ɗan cikinta in na taɓa shi sai ta kai mini ludayi.

Sai ciwon mantuwa ya shigo gidan. Da farko abin dariya muka mayar da shi, ni ne ma kan gaba. Mama Kande ta sa gishiri a shayi, ta ɗinke wa wata wuyan riga ruf. Daga baya ta daina hawa keken. 'Yarsu Miriam, wadda ke aure a Jos, ta zo aka yi ta yawon asibiti, likitoci suka ce a lallaɓa ta, kada a riƙa yi mata gardama, ciwon ba ya komawa baya. A Disambar bara hannunta na rawa amma ta yi katuna kaɗan, ta miƙa gefen dama, ta ce, "Nuhu, kar ka cika wutsiyar nan." Wannan shi ne kusan ƙarshen kiran sunansa da ta yi tana kallonsa.

Da damina ta faɗi, sai ta wayi gari ta mayar da shi baƙo. Ba ta tsoronsa, ba ta korarsa. Ta ɗauka wani dattijo ne da ya zo wurin mijinta ya tarar ba ya nan. Kullum sai ta ɗauki 'yar kujerarta ta fuskanci ƙofa, in ya gifta ta ce, "Sannu da haƙuri, Malam. Har yanzu bai taso daga ofis ba." Shi kuma ya ce, "Ba komai, Maman Miriam, zan jira." Shi ke dafa mata abinci, shi ke wanke mata kaya, shi ke taje mata kai, ita kuma tana yi masa godiya irin ta wanda aka ɗora wa ɗawainiyar da ba tasa ba. Ni kuwa mai kalanzir ta mayar da ni. Duk shigata sai ta ce yau ba a buƙata.

Baba Nuhu bai ce wa kowa komai ba, amma duk mun san abin da yake jira. Disamba yake jira. A ransa, in dai ta zauna a tabarmar nan almakashi ya shiga hannunta, za ta juya dama ta gan shi. Ko sau ɗaya ne.

Ranar da ya kira ni ina goge babur a ƙofar gida.

"Sagiru, kana da fasinja?"

"Baba, ko ina da shi zan sauke shi a kwata. Ina muka nufa?"

"Inda ake sayar da kayan kati. Buhun Mamanka babu shi. Da Miriam ta zo ta tarar ɓeraye sun haihu a ciki, ta ƙone shi."

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce masa ai Allah ne ya hutar da su, duniya ta wuce zamanin ƙaro da gwangwani. Na ciro waya na nuna masa yadda ake yi yanzu: takardu masu ƙyalli, garin ƙyalƙyali, da wata 'yar bindiga da ake jonawa a wuta ta riƙa tofo gam mai zafi. Na ce launukan nan kaɗai sun isa su farkar da idon mutum. Ya kawo wayar kusa da gilashinsa ya daɗe yana kallo.

Na kai shi shagon Habibu a wajen Ƙofar Guga. Habibu ajinmu ɗaya, sai dai shi ya tsaya ya ƙarasa, yanzu yana sayar da littattafai da kayan ƙawata wurin biki.

"A'a, Sagiru ɗan duniya, yau kuma mi ka zo aro?" Sai ya hango wanda ke bayana ya miƙe tsaye. "Baba, barka da zuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Ya gida, ya iyali? Ya Mama da jiki?"

"Da sauƙi, ɗana, mun gode wa Allah. Ya kasuwa? Ya su Alhaji?"

Sai da suka gaisa har kakanni, sannan na karɓe ragamar ciniki. Na sa Habibu ya sauko da jar takarda da kore da mai ruwan zinariya. Na sa ya kawo taurarin da inji ya riga ya yanka, da almakashi mai haƙora wanda ke yanka kamar ɓera ya ci, da bindigar gam da kyandirorinta. Habibu ya dube ni ya ce, "Kai wanga kaya duk na kati ne ko za ka buɗe reshe?" Na ce ya yi shiru, manya na aiki.

Baba Nuhu yana tsaye yana shafa takarda mai ruwan zinariya da bayan yatsunsa. Can ya ce, ba da ni yake ba, ba da Habibu ba:

"Tun da na auro ta, ban taɓa saya mata ko takarda ɗaya sabuwa ba saboda katin nan. Da ragowar mutane take yi. Bana ina so ta yanka sabo."

Habibu ya sunkuyar da kai ya shiga ɗaure kaya. Baba bai nemi ragi ba, shi kuma Habibu ya cusa wani ƙunshin zaren ado a ledar. A hanya ina jin ledar tana ƙara a bayana, ya rungume ta kamar jariri.

Muka tarar da ita a kujerarta, fuska ga ƙofa.

"Sannu da zuwa, Malam. Kai kuma mai kalanzir, ai na ce maka akwai saura."

"Mama, yau ba kalanzir na kawo ba, Turai na kawo miki gaba ɗaya."

Muka shimfiɗa tabarma muka baje kayan. Rana ta bugi takardun, tsakar gidan ya ɗauki haske kamar an ɗaura auren 'yar gwamna. Ta taso a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta sa yatsa ɗaya ta taɓa jar takardar.

"Kayan wa?"

"Naki ne, Maman Miriam," in ji Baba. "Na kati."

"A'a." Ta janye yatsan. "Wannan ai sabo ne, ba a taɓa shi ba. Mai shi zai zo ya yi faɗa. A naɗe masa kayansa."

Ta durƙusa ta shiga jera takardun baki da baki, tana lallaɓa su kada su karye. Na ga abin zai lalace, na ce bari in nuna gwaninta. Na jona bindiga, na jira ta yi zafi, na ɗauko tauraro, na danna. Gam ɗin bai sauka a tauraro ba, a babban yatsana ya sauka. Jama'a, na yi rawar da ban taɓa yi a biki ba. Na yi tsalle, na kira Inna, na tsoma hannu a butar da ba ruwa.

Mama Kande ta tuntsire da dariya. Dariyarta ta da, mai tafa cinya, wadda muka daɗe ba mu ji ba. Baba Nuhu bai ko kalli yatsana ba, ita yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe. Da ta lafa ta share ido ta juya gare shi.

"Malam, ɗanka ne? Allah ya shirya maka shi."

Ta ɗauki kujerarta ta koma bakin ƙofa.

Baba ya zauna a gefen tabarma ya daɗe yana duban kayan da ta jera masa tsaf. Ni kuwa ina tsaye ina hura yatsa.

"Tela ba ta sa almakashi a sabon yadi sai mai shi ya faɗi abin da yake so," in ji shi a hankali. "Ina zaune kusa da ita duk shekarun nan. Na ɗauka rashi ne ya sa take yi da ƙyalle."

Washegari na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Baba Nuhu, mutumin da ko gishiri bai taɓa aika a roƙo masa ba, ya ɗauki leda yana bin gidajen lungu. Ya tsaya daga zaure ya yi sallama, ya gaisa da maigida, sannan ya ce don Allah a tambayi matan gida ko akwai tsohon ƙyalle na ɗinkin Kande. A gidanmu ni na shiga da saƙon. Inna ta buɗe akwati, ta ciro wata rigar da ta daina shigarta, ta kama hannun rigar ta farke shi ɗungurungum. Ta ba ni ta juya baya. Hajiya Suwaiba ta gidan kusurwa, wadda ko allura ba ta bayarwa aro, bakin zaninta mai kyau ta yanke ta aiko. Kafin la'asar ledar ta cika.

Na kai shi Ƙofar Sauri wurin wani mai kayan koli ya sayi ƙaro. Tsofaffin kalandu kuwa a shagon aski na kwaso su, mai askin yana bi na da zagi. Baba ya hau kujera ya sauko da baƙin almakashinta na ɗinki daga saman kabad, inda Miriam ta ɓoye shi. Ya jiƙa ƙaron a gwangwanin madara ya bar shi ya kwana.

Da hantsi na shiga na tarar ya gama shiri. Wannan karon bai kira ta ba, bai ce mata naki ne ba. Ya zazzage ƙyallayen a tabarma, ya ajiye gwangwani da almakashi, ya koma gefe ya zauna kamar baƙon da ta ɗauke shi. Alƙalaminsa na aljihun gaba. Ya yi mini alama da ido in rufe bakina, na nemi turmi na zauna.

Mun daɗe. Har na fara tunanin fasinjojin da nake asara. Can ta ɗaga hanci. Ta waiwayo, ta taso, ta ɗauki gwangwanin ta shinshina. Ta tsoma yatsa, ta murza shi da babban yatsa, ta buɗe su a hankali tana kallon zaren da ya ja.

"Wa ya jiƙa wannan? Ya cika ruwa."

Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta jawo ƙyallayen kan cinyarta. Almakashin ya shige yatsunta kamar jiya ta ajiye shi. Ta ɗago hannun rigar Inna ta karkaɗe.

"Saudatu. Ita ta ce in sa mata tattara, na sa, ta dawo ta ce ta yi yawa." Ta yi tsaki. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, sai ga tinkiya. Ta ɗauki wani. "Suwaiba, bikin ƙanwarta. Ta zaunar da ni a kan keke har bayana ya ƙage." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran masu su, har da waɗanda suka tashi daga unguwa, har da waɗanda suka rasu. Matar da ba ta san ranar da ake ciki ba, ga ta tana faɗin wadda ta fi son dogon hannu da wadda ba ta son aljihu.

Na saci kallon Baba. Sai na ga ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ji an buɗe akwati, na ji ƙarar yadi yana yagewa. Ya fito da wani ƙyalle ruwan toka, an yanke shi da reza a karkace, yankan wanda bai taɓa yanka yadi ba. Na gane shi. Rigar nan ce mai aljihu huɗu da yake sawa in za shi karɓar fansho, ita ce riga ta farko da ta ɗinka masa bayan sun zo Katsina. Ya zagaya ta bayanta ya sake shi cikin tarin, sannan ya zauna. Ba a gefe ba. A damanta.

Ta ci gaba da aiki har hannunta ya kai kansa. Almakashin ya tsaya.

"Wannan rigar Nuhu ce."

"Ita ce," in ji Baba.

"Wa ya yanka ta? Da ita zai je ofis!" Ta zuba mini ido. "Kai ne, mai kalanzir?"

"Wallahi Mama ba ni ba ne. Ni yatsana ma bai warke ba."

Ta juya ƙyallen, ta bi ɗinkin bakinsa da farce, ta kai shi hanci, ta manna shi a kumatunta ta rufe ido. Ba ta motsa ba, mu ma ba mu motsa ba. Har kazar maƙwabta ta shigo ta zagaya ta fita.

"To, tun da an riga an ɓata," in ji ta.

Ta sa almakashi. Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta fitar da wani ɗan mutum dogo siriri, ta yi masa sanda da zaren shadda. Ta ɗauki kwalin kalanda, ta shafa ƙaro, ta tsayar da shi, ta jera masa tinkiyar Inna da ta Hajiya Suwaiba a gaba, ta ɗora tauraro a sama. Ta danna da tafin hannu. Ta hura.

Sannan ta miƙa katin gefen dama, ba ta waiwaya ba.

Baba Nuhu ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ɗora shi a gwiwa, ya gyara gilashi, ya zaro alƙalami. Idonsa ya cika, amma bakinsa murmushi yake. Ya cire murfin, ya yi 'yar ƙara, ƙas.

Ƙarar ce ta juyo da ita.

"A'a, a'a, Malam! Ba ni nan." Ta fizge katin ta rungume a ƙirji. "Ba a rubuta mini a kati. Maigidan ne ke rubutawa. Ka bari ya dawo."

Tun damina yake bin maganar likita, bai taɓa yi mata gardama ba. Ranar ya kasa. Ya cire gilashin, ya matso da fuskarsa kusa da tata.

"Kande. Dube ni. Ni ne. Ni ne Nuhu."

Ta dube shi. Wallahi ta dube shi sosai, daga goshi har haɓa, kamar tana auna wuyan riga. Ina kan turmi ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Sai fuskarta ta yi laushi, irin ta mai tausayi.

"Haba, Baba. Nuhu ai yaro ne. Gashinsa baƙi wuluk." Ta dafa bayan hannunsa, hannun da ke riƙe da alƙalami, ta ɗan bubbuga. "Ka gaji da jira ne, na sani. Yi haƙuri, yanzu zai shigo. Kai ma zan yi maka naka ya rubuta maka, ba shi da rowar hannu."

Ta yunƙura ta tashi, ta ɗauki katin, ta koma kujerarta ta fuskanci ƙofa. Ta ɗora shi a cinya ta rufe da hannu biyu don kada iska ta ɗauka.

Baba Nuhu ya mayar da murfin alƙalami. Sai da ya yi ta lalube kafin ya dace da aljihu. Ya sa gilashi, ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar.

Na sauko daga turmi na matsa kusa da shi, na rage murya.

"Baba, in ta yi barcin rana sai ka ɗauka ka rubuta. Da ta farka ta ga wutsiyar nan ta zakara, ai dole ta gane."

"Za ta ce ya zo tana barci ya koma."

"To akwai wani mai aski a bakin titi, yana rina gashi. Wallahi in ya gama da kai ko Miriam sai ta ce maka yaya."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya dubi bayanta, da ɗankwalin da shi ya ɗaura mata da safe ya karkace.

"Ta ce a jira," in ji shi.

Ya rufe gwangwanin ƙaro da murfin kwano. Ya tsince manyan ƙyallayen ya mayar leda, ya ajiye almakashin a kansu inda za ta gani gobe. Sannan ya ɗauko tsintsiya ya sunkuya ya fara share ƙananan da suka zube.

Ni kuwa in abu ya taɓa ni, magana nake yi. Na miƙe tsaye a tsakiyar gidan na ce, "Baba, wallahi tallahi, na zaga garin nan a kan babur lungu-lungu, na ɗauki malamai na ɗauki 'yan boko, ban taɓa ganin namiji irinka ba. Da ni ke da iko, da na sa an sauya wa lungun nan suna, an kafa allo da sunanka, an tara samarin Katsina kaf an zaunar da su a ƙasa ka koya musu yadda ake riƙe mace. Da na sa an buga labarinka an raba a makarantu, yara su haddace. Baba, kai ba mutum ba ne kawai, kai..."

Tsintsiyar ta tsaya a bakin takalmina. Bai ɗago kai ba.

"Ɗaga ƙafarka, shara nake."